Tafiyata Oshkosh da Ruwan da Ya Ɓace a Injin Jirgi

Daga Chicago muka ɗauki hanyar arewa da asuba, ni da yayana da ke zaune a can, muka ratsa Milwaukee, muka bi babbar hanya mai lamba 41 ta Fond du Lac har zuwa Oshkosh, garin da ke bakin tafkin Winnebago a jihar Wisconsin ta Amurka. Tafiyar ba ta wuce ta awa uku ba, kuma gonakin masara da garken shanun madara ne dama da hagu. A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953 domin masu ƙera jirgin sama da hannunsu, takan yi babban taronta a filin jirgi na Wittman, inda taron ya zauna tun 1970. Jirage wajen dubu goma ke sauka a yankin cikin mako guda, har ma'aikatan hasumiya sukan kira matuƙi da launin jirginsa su ce ya kaɗa fikafikai idan ya ji, domin ba lokacin amsawa da baki.

Ni makaniken mota ne, saboda haka layin jiragen gida na nufa kai tsaye, wato waɗanda aka harhaɗa a gareji. Dokar Amurka ta yarda mutum ya yi rajistar jirgi a matsayin na gwaji idan shi ya yi fiye da rabin aikin, kuma tana ba shi damar sa injin da ya ga dama, da sharaɗin ya yi awa 40 yana gwada shi a keɓaɓɓen yanki idan injin ba na jirgi ba ne tun asali. A wannan layin na tarar da wani dattijo a gindin jirginsa mai kujera biyu, samfurin RV-6, ya cire murfin gaba, ya shimfiɗa kwali a ƙasa yana kallon ko wani abu zai ɗigo. Injin Mazda 13B ne a ciki, irin na motar RX-7, wanda ba shi da fistin ko ɗaya.

Wannan inji ya samo asali daga ƙirar Felix Wankel, Bajamushen da kamfanin NSU ya fara tayar da injinsa a 1957, sannan Mazda ta karɓi lasisi a 1961 ta raine shi har motarta ta ci tseren Le Mans a 1991. Dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a cikin ɗaki mai siffar ƙwai, kuma 13B yana da irinsa guda biyu. Masu ƙera jirgi suna son sa saboda ƙanƙanta da ƙarancin girgiza da ƙarancin sassan da za su karye, sai su haɗa masa giya mai rage gudu domin injin ya yi juyi wajen 6,000 a minti ɗaya, farfela kuwa ta tsaya ƙasa da rabin haka. Rauninsa zafi ne. Jiragen da ke kewaye da mu galibi iska ke sanyaya injinsu, shi kuwa wannan ruwa yake sha, kuma idan ruwan ya gudu a sama babu gefen titi da za a faka.

Na gaishe shi na gaya masa sana'ata, sai ya miƙo mini tocila ba tare da wata doguwar magana ba. Ya ce tun yana sama ya ga allurar matsin ruwa tana sauka a hankali alhali ta zafi ba ta motsa ba, kuma da ya sauka ya shiga dogon jerin jirage yana tafiya a ƙasa cikin rana, babu iskar da ke ratsa lagireto, sai zafin ya haura digiri 115 kafin ya samu wurin kashewa. Wannan allurar matsi ta burge ni ƙwarai, kuma a ganina duk wanda ya sa injin ruwa a jirgi bai sa ta ba ya yi ganganci. Ma'aunin zafi yana ba da labari ne bayan ɓarna ta yi nisa, wani lokaci ma yakan yi ƙarya idan ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa ya bar shi cikin tururi, amma matsi yana faɗuwa tun daga ɗigon farko.

Akwai kuma lissafin da mai mota ba ya buƙatar yi. Murfin lagireto yana riƙe matsi ne gwargwadon iskar da ke waje, kuma iskar da take danna fam 14.7 a kan kowane murabba'in inci a bakin teku takan ragu zuwa wajen fam 10 a tsayin ƙafa 10,000, inda ruwa zalla ke tafasa tun a wajen digiri 90. Shi ya sa dattijon ya ajiye murfin mota mai fam 13 ya sa mai fam 20, wanda kuma ke nufin kowace mahaɗa da kowane tiyo suna ɗaukar nauyin da ya fi na mota.

Daga waje muka fara, domin nan ne gyara ya fi araha. Ya ɗaura ƙaramin famfon hannu a mazaunin murfin, ya hura har fam 20, muka zuba wa allura ido tana zamewa. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na leƙa ƙaramar hudar da ke ƙarƙashin famfon ruwa, wadda takan yi hawaye idan hatimin cikinsa ya ci, na duba kawunan dogayen ƙusoshin da ke bayan injin, ban ga danshi ba. Sai ya zuba wani rini a ruwan, muka rufa da bargo, ya haska fitila mai shuɗin haske. Nan da nan wani siririn layi mai ƙyalli ya bayyana a gindin bututun da aka yi wa walda a jikin lagireton hagu. Lagireton ma ba na mota ba ne, sassan sanyaya iska ne na na'urar sanyin mota guda biyu, waɗanda masu irin wannan jirgi suke so don ƙanƙantarsu. Tiyon da ke rataye a bututun ba shi da madogara, girgiza ta yi ta lanƙwasa alminiyom ɗin har ya tsage, iska mai gudu kuma tana busar da ɗigon kafin ya bar alama.

Wasu 'yan sa-kai da ke da rumfar gyaran gaggawa a filin suka sake waldar da yamma. Yayana ya ce mini, "To ai magana ta ƙare, mu je kallon jiragen yaƙi." Na ce, "Yaya, a dakata tukuna, injin da ya kai wannan zafin ba a yi masa shaida da wuri." Da muka sake hurawa allurar ta ci gaba da sauka, sannu a hankali fiye da da, kuma babu ɗigo ko ɗaya a kan kwalin. Ruwan da ke ɓacewa ba tare da ya fito waje ba cikin injin yake shiga.

Jikin 13B hawa biyar ne a jere kamar yankan burodi: farantin ƙarfe, ɗakin alminiyom, farantin tsakiya, wani ɗakin, sannan farantin baya, duka dogayen ƙusoshi sun matse su. Ruwa yana ratsa su daga gaba zuwa baya ya dawo, kuma a kowace mahaɗa zobba biyu na roba ke tsare shi, na waje ya hana shi zuba ƙasa, na ciki ya raba shi da wutar konewa. Alminiyom yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka idan injin ya wuce ƙima sai ɗakin ya nemi faɗaɗa, ƙusoshin su hana shi, ya matse, idan ya huce kuma ya dawo da ɗan ragi a faɗinsa, zoben ciki ya rasa abin da zai danne shi.

Muka bar matsin a kai har safiya. Kowane ɗaki filogi biyu gare shi, na sama da na ƙasa, kuma da na kwance na ƙasa a ɗakin baya sai ya fito a jiƙe, koren ruwa na naso a haƙoransa. Da ya tayar da injin ya yi ta sarƙewa, farin hayaƙi mai zaƙin wari ya fito ta salansa, ƙananan kumfa suka fara tasowa a bakin tankin ruwa ba ƙaƙƙautawa tun injin bai yi ɗumi ba. Gwajin ƙarshe kwalba ce mai shuɗin ruwa da ake zuƙo iskar tankin ta cikinta, kuma a gabanmu ta koma rawaya, shaidar cewa hayaƙin konewa ya shiga hanyar ruwa. Wani mai wucewa ya ba shi shawarar ya zuba maganin toshe yoyo ya lallaɓa gida, tunda tafiyar ba ta da nisa. Dattijon ya yi masa godiya ya ci gaba da kwance fikafikai. Na ji daɗin haka har raina, domin maganin yakan toshe siraran hanyoyin lagireto kafin ya toshe ɓarakar, kuma ba ya iya tsayawa gaban matsin konewa.

A kan tirela jirgin ya koma gida, mu kuma muka bi shi a baya zuwa wani ƙauye a yammacin Oshkosh, inda yake da rumfar jirgi a bakin filin ciyawa. Muka sauke injin, muka kafa shi a tsaye, muka zare ƙusoshin bi da bi muka ɗaga farantin baya. Zoben ciki ya ƙone ya yi baƙi a tsawon da bai wuce yatsa ba, daidai sashen da ke tsakanin filogi da kafar salansa, wurin da ya fi ko'ina zafi. A injinan RX-7 da aka yi daga 1986 ramin zoben a jikin farantin ƙarfe yake, kuma tsatsa takan cinye siririn bangonsa idan an daɗe ba a sauya ruwa ba, saboda haka ya kankare ramin ya bi shi da tsinken ƙarfe, ya same shi lafiya. Ɗakin alminiyom ne ya gaza, domin da ya auna faɗinsa a wurare daban-daban bambancin ya zarce milimita 0.06 da littafin gyara ya yarda da shi. Da ido babu wanda zai ga wannan ragi, kuma da an sa sabon zobe a kai da ya sake ƙonewa.

Yana da wani ɗakin a ajiye, muka auna shi ya yi daidai. Ya shafa wa sababbin zobban man baselin domin su zauna a raminsu kada su zame a datse su yayin rufewa, muka jera hawa-hawan, ya ɗaure ƙusoshin bisa tsarin da aka rubuta da sifana mai auna ƙarfi, kowace da sabon zobenta na roba. Ya ƙera wa tiyon hagu madogara, ya yi wa na dama irinta duk da bai tsage ba. Ruwan da muka tsiyaye ya rufe shi a jarka tun da wuri, domin guba ne mai zaƙi kuma yana da kare.

Kafin a mayar da injin jikin jirgi muka toshe kafofinsa muka hura, allurar ta kwana a fam 20. Sauran aikin nasa ne: zai ɗaure wutsiyar jirgin ya gudanar da injin a ƙasa yana fitar da iskar da ta maƙale a saman famfo, daga baya ya tashi ya yi ta kewaya filinsa a tsayin da zai iya sauka ko da injin ya mutu, kafin ya yarda ya yi nisa ko ya ɗauki fasinja. Hutun yayana ya ƙare, saboda haka ba mu ga wannan tashin ba, muka yi sallama da shi bayan azahar muka kama hanyar Madison zuwa Chicago.