Godiya bayan shekara shida da wata huɗu

Alhamdulillahi Rabbil Alamina. An gama.

Tun daren da sakamako ya fito wayata ba ta huta ba, ni kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na saƙonninku ban iya amsawa ba. Ku yi mini afuwa. Na dawo daga Legas jikina kamar an yi mini dukan sakwara, kwana biyu ina barci ina farkawa ina tambayar maigidana ko da gaske sunana yana cikin jerin. Yana ciki. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin ta karɓi kundin bincikena, kuma na tsallake jarrabawar ƙarshe a fannin gyaran haƙora da maido wa baki aikinsa.

Abin da ya faru daga rasuwar Abba zuwa ɗage zaman jarrabawata na farko, da ku aka yi, ba sai na tayar da shi ba. Dare ɗaya kawai nake so in ba ku labarinsa, domin shi ne ya yi ta dawo mini a zauren jarrabawa.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 19 da aka yanke wa ƙari a muƙamuƙin sama, aka cire rabin ganɗarta har da haƙoran wannan gefen. Wanda aka yi wa irin wannan aiki, bakinsa da hancinsa sun zama ɗaki ɗaya. In ya sha ruwa ta hanci zai fito, in ya yi magana iska ta gudu ta sama, ba a gane me yake cewa. Abin da muke yi musu shi ne marufin ganɗa, wanda a asibiti muke kira obtureta: ɗaya ranar tiyata, na wucin gadi yayin da ciwo ke warkewa, sannan na dindindin bayan wata uku zuwa shida. Na dindindin ɗin ne ya rage mata. Mahaifinta ya sayar da tunkiya ya haɗa kuɗin mota, na ce musu su zo ranar Alhamis da safe.

Laraba da yamma na buɗe akwatin ƙarfen da aka dafa marufin a ciki, sai na ga robar duk ƙananan ramuka kamar soso. Laifina ne, ba na kowa ba. Akirilik, wato robar da ake yin marufin da ita, ba ya son gaggawa. In ruwa ya tafasa da wuri, zafin da ke cikin wuri mai kauri yakan haura digiri 100, ruwan haɗin ya tafasa a ciki ya bar kumfa. Irin wannan ba a sa wa mutum a baki, zai tara abinci ya yi wari, ya kuma karye. Samfurin bakinta na filasta kuwa ya riga ya farfashe wajen fito da shi. Na zauna a ƙasa a ɗakin haɗa haƙora, hannuwana suna rawa, ina tunanin da wane ido zan kalli dattijon nan in ce masa a koma farko.

Baba mai haɗa haƙora ya hana ni faɗin sunansa, to ba zan faɗa ba, amma duk wanda ya taɓa shiga sashenmu ya san mai farin gemun nan da ke ajiye tabarau a goshi. Ya ɗauki marufin ya juya shi a hannu, bai ce uffan a kansa ba. Sai ya ce, "Likita, tashi ki je ki yi Magariba." Da na dawo na tarar ya ajiye wani samfurin a kan tebur. Ashe tun ranar da na ɗauki awon bakin yarinyar ya zuba na biyu ya ɓoye a loka, bai gaya mini ba. Ya ce, "Na ga idonki a makon nan, na san ba kya barci."

Muka sake jera haƙora a kan kaki har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Babu wuta. Ya kunna ƙaramin murhun gas, ya ɗora tukunya, ya tsoma ma'aunin zafi, ya ja kujera ya zauna. Digiri 74 ake so ruwan ya tsaya a kai har awa takwas, kada ya hau kada ya sauka. Mutumin da ya kusa ritaya, mai fama da ciwon gwiwa, ya kwana yana rage wuta yana ƙarawa da fitilar waya a hannu. Sau uku ina cewa, "Baba, ka je ka kwanta, ni zan tsare," yana cewa ni ce zan ga mara lafiya gobe, hannuna ya fi bukatar hutu.

Bayan Azahar na sa mata shi. Na miƙa mata kofin ruwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kurɓa, ta kai hannu hanci don ta tare kamar yadda ta saba. Ba abin da ya fito. Ta sake kurɓa. Sai ta juya ta ce, "Baffa, ka ji muryata?" Dattijon ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ko ciki bai shigo ba.

Baba, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya raya maka zuri'a, Ya sa a tsaya wa 'ya'yanka a ranar da ba ka nan kamar yadda ka tsaya mini. Allah Ya haskaka kabarin iyayenka.

Malamina da ya duba kundina, na gode. Sau uku ka sa na rushe cikon haƙorin gaba saboda launi bai zauna ba, ka ja ni bakin taga da allon VITA na zaɓen launin haƙori, mai launi 16, ka ce a hasken safiya ake zaɓe, ba a ƙarƙashin fitilar kujera ba. A ranar na yi kuka a mota, yau ina yi maka addu'a. Ma'aikatan jinya na ɗakinmu, da abokan horona da suka karɓi kwanan aikina lokacin zaman makoki ba tare da na roƙa ba, Allah Ya biya ku. Umma, ke kika yaye mini auta. Yaya Babba, kuɗin jirgin nan na san daga inda ka ciro shi. Maigidana, ba a nan zan yi maka tawa godiyar ba.

Akwai na jikinmu da na zuba ido ban gani ba, a makoki da kuma walimar jiya. Na kuma ji maganar da aka yi, cewa mace ta bar 'ya'ya shekara shida don koyon kwalliyar haƙori. Ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Da za su leƙa Asibitin Noma da ke Sakkwato, wanda tun 1999 yake karɓar yaran da cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, ta cinye wa kunci da leɓe, su ga uwa tana ɗura wa ɗanta kunu ta gefen baki, da ba su kira shi kwalliya ba. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, alhali yaranmu sun daɗe suna jira. Na yafe, kuma ƙofata a buɗe take.

Abba, kai ka kai ni makarantar likitanci da akwatina a kanka. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya kai maka ladan duk bakin da zan gyara.

Litinin zan koma aiki in Allah Ya yarda. Yarinyar tana da ranar dubawa a ƙarshen wata, mahaifinta ya kira ya ce wayar da ke riƙe marufin a jikin haƙori ta ɗan saki, kuma wai an kawo kuɗin gaisuwarta.