Wata uku ina kiwon bakteriya saboda enzayim ɗaya

Lokacin da nake digiri na biyu, malamina ya ɗora mini aikin samar da G6PD irin na ɗan Adam a ɗakin gwaje-gwaje. Wannan enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, shi ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya gaji ƙarancinsa, maganin zazzaɓi irin primaquine, ko kafur da ake sa wa kayan jariri, na iya farfasa masa jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. A gida sai a ce shawara ce, a tafi neman saiwa. Ya fi kama maza, domin a kan kuromosom X ake gadonsa, wanda namiji ke da guda ɗaya tak. Mu kuwa so muke mu gwada na mai lafiya da nau'in A- mai rauni da ya yawaita a Afirka.

Ba daga jinin kowa ake tatsowa ba. Ƙwayar gadon mutum mai ɗauke da umarnin ƙera G6PD ake dasawa cikin bakteriyar E. coli nau'in BL21, a ciyar da ita romo, in ta hayayyafa a ɗiga mata IPTG, sinadarin da ke kunna ƙwayar da aka dasa, sai ta kama ƙera furotin ɗin mutum.

Karon farko na bar ta a zafin digiri 37, awa huɗu, don ina ɗokin ganin sakamako. Da na duba jel ɗin da ke ware furotin bisa girmansu, ga layi ɓaro-ɓaro daidai wajen kilodalton 59, wato nauyin G6PD. Har da gudu na je ofis.

"Malam, ya fito!"

Ya ɗaga jel ɗin sama, ya ƙura masa ido, ya ce, "Madalla. To, yana aiki?"

Ban gwada ba. Na koma na haɗa shi da sinadaransa, na saita na'ura a kan nanomita 340, inda ake ganin NADPH, sinadarin da G6PD ke samarwa, na ƙaruwa in enzayim na da rai. Layin ya kwanta shame-shame, ko motsi. Ashe saurin da bakteriyar ta yi ne ya sa furotin bai naɗu daidai ba, ya cure wuri guda kamar gudajin tuwo, ya zauna a ƙasan kwalba. Yawa kam akwai, amfani babu.

Na rage IPTG, na sauke zafin zuwa 18, na bar ta ta kwana. Abin da na samu bai kai na farko ba, amma da na tace shi ta bututun nikel mai kama furotin ɗin ya bar sauran, na sake gwadawa, layin ya miƙe sama a hankali. Na fi minti goma a tsaye ina kallonsa kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Wautata ta biyu ta fi ciwo. Na zuba kowane nau'i a kwalba ɗaya tak, kullum in narkar in ɗiba in mayar firiza, kullum kuma ƙarfinsa na raguwa ban lura ba. Sai wata Asabar wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare. Ranar Litinin na tarar da ruwa. Na A- ma dama ba shi da juriya, shi ya fara mutuwa.

Na sake daga tushe. Wannan karon na rarraba shi ƙananan kwalabe arba'in, kowacce da gilisarol da ɗan NADP, sinadarin da yake aiki da shi, don ya riƙe siffarsa, rabi a firizarmu, rabi a ta wani sashe. Ma'aikacin ɗakin, dattijon da muke kira Baba, ya ara mini kular ƙanƙararsa, ya ce duk ranar da na ji shirun janareta ya yi yawa in buga masa waya ko ƙarfe biyun dare ne. Sau biyu na buga.