Talata, 15 ga wata, tsakanin Manoka da Duwala

Yau jirginmu ya zauna a laka a bakin kogin Wuri, da kwandunan bandar kifina a ciki.

Ya kamata mu bar tsibirin Manoka da sassafe tun ruwa na cike, amma matuƙin ya tsaya jiran fasinja har hantsi ya dubi ludayi. Shi kuwa ruwan teku ba ya jiran kowa. Sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kowane yini da dare, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Jiya kuma daren sha huɗu ne, lokacin da janyewar ta fi tsanani. A nan ruwa kan sauka mita 2 ko fiye.

Mun yi nisa kaɗan sai muka ji gurrr a ƙasa, jirgi ya tsaya cak. Maimakon yaron da ke tuƙi ya kashe inji ya ɗaga shi, sai ya ƙara wuta, farfela na ta watso baƙin taɓo. Wani dattijo Basarke ɗan Yawuri da ke kusa da ni ya daka masa tsawa: "Kai yaro, kashe! Laka kake ba shi ya sha!" Da Hausa ya faɗa, yaron ba ya ji, amma ya gane.

Muna zaune a rana na ce, "Baba, ai da ya ƙara ƙoƙari da mun fita." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai dai ka san kifi." Ya nuna min 'yan ƙofofin da ke ƙasan injin, sama da farfela kaɗan. Ta nan yake zuƙar ruwan da ke sanyaya shi, wata 'yar roba mai fukafukai ce ke tura ruwan sama. In yashi ya shiga sai ya cinye robar, laka kuma ta toshe hanya. Alamar ita ce ɗan ruwan nan da inji ke tsartarwa ta gefe, in ya ɗauke to a kashe nan take, don cikin 'yan mintuna kan inji zai ɗau zafi ya lalace. Robar ba ta da tsada, kan inji ne ke sa mai jirgi kuka. Ya ce a kogin Neja ma suna hawa yashi da rani, sai dai can ba ruwan da zai dawo da la'asar ya ɗaga ka, sai gora da ƙarfin damtse.

A zaune muka yi azahar. Wata mata ta sayar da duk dafaffen rogon da ta ɗauko, ita kam zaman ya karɓe ta.

Wajen ƙarfe biyu ruwa ya kawo, jirgi ya motsa da kansa. Yaron ya sa siririyar waya ya zungure ƙofar tsartuwar, ya tayar. Ruwan na fita amma ba ƙarfi, kunnen farfela ɗaya kuma ya lanƙwashe, jirgi sai karkarwa yake. Haka muka lallaɓa har Yupwe, tashar jiragen ruwa a Duwala, dab da magariba, motar da zan lodawa kaya zuwa Ngaundare ta riga ta tafi.

Bakanike ya ce sai ya kwance ƙasan injin ya duba ko ruwa ya shiga mai, don in ya shiga, man fari yake komawa kamar madara. Saura kwando shida nawa a Manoka. Gobe cikar ruwa za ta makara da kusan minti 50, na riga na yi magana da wani jirgin.