Kalma uku kacal

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, na ɓige da karanta tarihin Dan Wieden, wanda ya rubuta wa kamfanin Nike taken tallar nan "Just Do It" a 1988. A 2012 bikin Cannes Lions na Faransa ya ba shi Lion of St. Mark, lambar waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a harkar talla.

Sai maigidana ya faɗo min a rai, wanda ya koya min rubuta tallar rediyo. Tabarau a kan hanci, jan biro a hannu, ya soke layi biyar ya bar ɗaya: "Yaro, daƙiƙa 30 gare ka, ba huɗuba za ka yi ba." Har ya yi ritaya ko takardar yabo ba a miƙa masa ba, alhali har yau yara na rera tallarsa ta sabulu.

Gobe zan je gaishe shi, in sha Allahu.