Hannun Auta ya yi sanyi

Laraba, ƙarfe 1 na dare, ina kan bencin asibiti, barci ya ƙi zuwa shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wajen ƙarfe 5 na yamma yara suka shigo da gudu wai Auta ya faɗi a filin ƙwallo. Tsalle ya yi zai sa kai aka ture shi, ya dafa ƙasa da hannu a miƙe, gwiwar hannun ta goce. Da na gan shi wallahi sai da cikina ya kaɗa, ƙashin ya turo ta baya kamar an cusa dutse a ƙarƙashin fata, ya tallabe hannun da ɗayan yana ta cewa Yaya kar ka taɓa, kar ka taɓa. Ba jini ko ɗigo, shi ya sa duk muka ɗauka gocewa ce kawai.

Umma ta ce a kai shi wajen mai ɗorin unguwarmu, dama can muka saba. Dattijon nan Allah ya saka masa da alheri. Ya riƙe tafin hannun, ya danna tsintsiyar hannu ya yi shiru, ya danna ta ɗayan, sai ya ce min "ɗana, taɓa ka ji". Na taɓa, sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa, yatsun sun yi fari. Ya ce wannan ba aikina ba ne, in na ɗaure shi na cuce ku, ku wuce asibiti yanzun nan, magariba ma ku yi ta a can.

A asibiti aka yi masa allura, likita biyu suka ja hannun, na ji ƙas, ƙashi ya koma. Hoto ma ya nuna ya zauna daidai. Har na kira Umma na ce an gama, amma sai na ga likitan bai saki fuska ba, ya danna farcen Auta ya saki, farcen ya tsaya fari, ya danna nawa nan take ja ya dawo, ya ce na mai lafiya ba ya wuce sakan 2. Ya shafa wani mai a tsintsiyar hannun ya ɗora 'yar na'ura mai jiyo tafiyar jini, a hannun dama tana wush wush, a na hagu da ƙyar ake jin wani abu can ƙasa-ƙasa.

A nan ya zaunar da ni. Ya ce babbar jijiyar jinin da ke saukowa ta damtse ta gaban gwiwa take wucewa, ƙasa kaɗan ta rabu biyu, to in ƙasusuwan suka goce baya, kan ƙashin damtse yakan turo gaba ya danne ta ko ya ja ta har ta yage, fata kuma lafiya lau daga waje. Ba kasafai ake samun haka ba. In dannewa ce kawai, ana mayar da ƙashi jini yake dawowa, na Auta bai dawo ba. Ɗan motsin da muka ji kuma ƙananan jijiyoyin da suka zagaye gwiwa ne ke ɗan kai jini, kuma su ne ke yaudarar mutane a yi ta jira. Sai ya ce naman hannu in ya yi kamar awa 6 ba jini ya fara mutuwa kenan, ni kuwa na duba agogo na ƙirga daga 5, ƙarfe 11.

Ban san yadda na sa hannu a takardar tiyata ba, biro na rawa. Kawu ya zo ya ba da jini, ni ina ta sintiri tsakanin wajen biyan kuɗi da kemis. Da na zauna na duba waya na ga hoton hannun da jini ya yanke masa, yatsu sun ƙanƙame kamar ƙafar kaza, wani likitan Jamus mai suna Volkmann ne ya bayyana ciwon tun 1881, sai na tuna wani mai faci a layinmu da hannunsa yake haka tun yana yaro, ban taɓa tambayar dalili ba. Na kashe wayar na koma salati.

An shiga da shi 8 da rabi. Jijiyar ta yage kuwa, sai da suka ciro wata daga ƙafarsa suka yi mata ƙari, kuma suka tsaga sangalin hannun suka bar shi a buɗe da bandeji saboda in jini ya dawo naman yana kumbura ya matse kansa, ɗinki sai bayan kwanaki.

Yanzu yana barci. Ƙaramin yatsansa har yanzu a sage yake, sun ce jijiyar ji ce ta jawu, za a sa ido a kai. Nas tana zuwa duk bayan awa ɗaya ta taɓa hannun. Ɗazu da ta fita na matsa na riƙe tafin, da ɗuminsa, na danna farcen na saki ja ya dawo, sau uku ina yi. Umma za ta zo bayan asuba da kunu, kuma ta ce in an sallame mu gidan dattijon nan za mu fara biyawa.