Wai me ya hana kamfanonin waya su ba mu data mara iyaka?

Watan jiya ƙanwata ta saka irin datar nan da ake ce wa anlimited, sunan kamfanin ba sai na faɗa ba. Sati biyu abu na gudu lafiya lau tana ta kallon darussanta a YouTube, ran nan kawai bidiyo ya tsaya cak sai ɗan da'irar nan ke ta juyawa, ta kira ni wai "Yaya, ko wayata ce ta lalace?" Waya kam ƙalau take. Gigan da suka ware mata ne ya ƙare suka rage mata gudu, sharaɗin kuma yana can ƙasa da 'yan ƙananan baƙaƙen da ba mai karantawa.

Dalilinsu na gane shi fa. Ƙarfen sabis ɗin unguwa tamkar rijiyar burtsatse ce guda ɗaya kowa na ja, abin da zai iya ɗauka lokaci guda ƙayyadadde ne, shi ya sa bayan isha'i netwok ke nauyi amma ƙarfe uku na dare sai ka ga kamar ba shi ba, shi ya sa ma datar dare ke da araha. In aka saki kowa, mutum goma suka kunna hotspot suka kwana sauke finafinai, sauran 'yan unguwa ko WhatsApp ba zai buɗe musu ba. Kuma mu nan yawancin gidaje ba waya-fai na kebul, komai a kan layin waya ake yi.

Ga kuɗi. Ƙarafan nan da janareta suke kwana, dizal suke sha, kayan aiki da dala ake sayowa ga yadda naira ta zube tun 2023. Lasisin 5G kaɗai a gwanjon Disamba 2021 kamfanonin MTN da Mafab kowanne dala miliyan 273.6 ya tashi masa. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku yawancinsu a Legas suke sauka, sai an jawo kebul har Kano, masu aikin titi kuma su yi ta tsinke shi. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50.

Abin da ke ci min rai shi ne sunan. In giga kaza ne a rubuta giga kaza ɓaro-ɓaro mutum ya san inda zai tsaya, yarinyar nan kuɗin makarantarta ta matse ta saya wallahi. Yanzu ta koma datar dare, tana saita alam ta tashi ta sauke darussan ta koma barci.