Likitan Tururuwa na Ƙairawan

Ranar da likita ya kwance wa Baffa bandejin ido a Tunis, babban birnin Tunisiya, ya ce sai bayan kwana huɗu zai sake duba shi kafin ya sallame mu mu koma Yamai. Ko masauki ba mu kai ba Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, tsakanin nan da Ƙairawan tafiyar awa nawa ce?" Na san tambayar za ta zo. Baffa ƙanin mahaifina ne, ya fi shekara arba'in yana karantar da Risala a zaurensa a Maraɗi, kuma mai Risalar, Ibn Abi Zaid, a Ƙairawan yake kwance. Ba zai yiwu mutum ya zo bakin rijiya ya koma da ƙishi ba.

Ni ma ina da tawa buƙatar a garin, sai dai na yi nauyin bakin faɗa masa a lokacin. Malamin kimiyya ne ni a kwaleji, kuma tun ina ɗalibi nake riƙe da sunan wani Bature ɗan Suwizalan, Felix Santschi, ana furta shi Sanci, wanda ya zauna a Ƙairawan kusan shekara arba'in yana duba marasa lafiya, yana kuma bin tururuwa. Mutanen garin sun laƙaba masa Ɗabibun Namli, wato likitan tururuwa.

Washegari bayan asuba muka tafi tashar Monsef Bey, inda motocin kudu ke lodi. Luwaj suke ce musu, farare ne masu jan zane a ciki, mutum takwas suke ɗauka, kuma kamar tashoshinmu, ba agogo ke tada mota ba, cikar fasinja ke tada ta. Tafiyar wajen kilomita 160 ce. Da farko gonakin zaitun ne sahu-sahu, sai ƙasa ta fara buɗewa, itatuwa suka yi ta raguwa, har muka shiga wani fili shimfiɗaɗɗe mai fari-fari wanda ya tuna mini arewacin Dakoro. Watan Mayu ne, ana girbin sha'ir. Baffa na sanye da baƙin tabarau da likita ya ce kada ya cire, carbi a hannu, bai ce uffan ba har aka hango hasumiya.

Hasumiyar babban masallacin tun daga nesa take tarbar baƙo. Hawa uku ce, mai kusurwa huɗu, tsayinta ya haura mita 31, launinta launin ƙasar wurin. Uƙba ɗan Nafi'u ne ya kafa garin da masallacin wajen shekarar 670, sarakunan Aglabiyawa kuma suka sake gina shi a 836. Farfajiyarsa an ɗan karkata ta yadda ruwan sama zai gangara ya taru a rumbunan da ke ƙarƙashin ƙasa, domin gari ne da ruwa ke da daraja. Abin da ya tsayar da ni a nan wani ɗan dandamali ne mai matakala, a samansa agogon rana, inda a da inuwa ke nuna wa ladan lokacin salla. Na hau na daɗe ina kallonsa. Mutanen garin nan sun daɗe suna karanta rana.

Daga nan wani dattijo mai jar hula ya raka mu cikin lungunan tsohon gari har hubbaren Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Wurin ba shi da girma. Baffa ya cire takalmi, ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya fara karanto farkon Risala da ka, da irin karin da yake karantawa a zaure. Bai yi nisa ba murya ta shaƙe. Hawaye na bin ƙasan baƙin tabarau, ni kuwa hankalina ya tafi ga idon da aka yi wa aiki, amma ban iya ce masa ya daina ba. Dattijon da ya rako mu ya tsaya baki buɗe yana jin littafin garinsu a bakin mutumin da ya fito daga ƙetaren Sahara. Da muka fito ya riƙe hannun Baffa biyu-biyu, ya kwatanta mana inda kabarin Sahnunu, babban malamin Malikiyya mai littafin Mudawwana, yake a bayan gari.

Sai da muka zauna shan shayi da makrud, wani soyayyen abin zaƙi na garin alkama da dabino wanda Ƙairawan ta yi suna da shi, na faɗa wa Baffa abin da ya kawo ni. Na ce akwai wani likita da nake son in ga inda ya yi aiki. Ya ce, "Likitan mene ne?" Na ce na mutane ne, amma tururuwa ta fi sanin sa. Ya ajiye kofi ya ce in ba shi labari.

An haifi Santschi a 1872 a wani gari da ake kira Bex. Likitanci ya karanta a Lozan, ba ilimin ƙwari ba, kuma bai taɓa riƙe kujerar farfesa a wata jami'a ba. A 1896 ya bi Auguste Forel, babban masanin tururuwa na zamanin, wata tafiyar bincike zuwa Kolombiya, daga nan son abin ya kama shi. A farkon shekarun 1900 ya sauka Tunisiya, lokacin tana hannun Faransa, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Ƙairawan, can nesa da manyan ɗakunan karatu da taron masana. Abin da ya sani game da tururuwa da kansa ya koya, da ido da madubin ƙara girma da wasiƙu. Matafiya da masu bincike suka riƙa aiko masa da tururuwa a kwalabe daga Afirka da Amurka ta Kudu, yana dubawa, yana bambancewa, yana raɗa suna. Kafin rasuwarsa a 1940 ya siffanta iri da reshen iri kusan 2,000. Har waɗanda wani masani ɗan Italiya, Filippo Silvestri, ya tsinto a Olokemeji ta kudancin Najeriya, a garin nan aka fara rubuta kamanninsu. Tarin da ya bari yana gidan adana halittu na birnin Basel.

Baffa ya ce, "To, raɗa suna kawai?" Na ce a'a, babban aikinsa wata tambaya ce da kowane yaron ƙauye ya taɓa yi wa kansa. Mu Hausawa mun raba su: ga cinnaka mai cizo da bai san na gida ba, ga kiyashi mai bin zaƙi, ga kwarkwasa mai tafiya runduna, ga tururuwa mai jidar hatsi. Masu tafiya a jere, kowa ya san ƙamshi suke bi, in ka goge hanyar da yatsa sai su rikice. Amma wadda ta fita ita kaɗai fa? Ta yi ta kewaye-kewaye a fili, hagu da dama, ta sami ƙwaya, sai ta juya ta miƙe sak zuwa raminta, ba ta bi sawun da ta zo da shi ba. Wa ya nuna mata hanya?

A 1911 Santschi ya fita bayan ganuwar garin nan da madubi da wani abin tare rana. Ya sami tururuwa tana komawa gida da kayanta, ya tare mata rana ta gefe guda, ya hasko mata ita da madubi ta ɗaya gefen. Sai ta juya ta nufi inda ta fito. Ya janye madubi, ta sake juyowa gida. Da haka ya nuna cewa rana ce alƙiblarta. Bai tsaya nan ba. A 1923 ya kewaye tururuwa da kwali mai siffar ganga, yadda ba ta ganin rana, ba ta ganin itace ko gini, sai ɗan yankin sama kawai, amma duk da haka ta riƙe hanyarta. Ya yi zaton taurari take gani da rana tsaka. A nan bai dace ba, amma abin da idonsa ya gani gaskiya ne. Sai a 1949, shekara tara bayan rasuwarsa, Karl von Frisch, wani masanin halittu ɗan Ostiriya, ya gano amsar a jikin ƙudan zuma: hasken da ke saukowa daga shuɗin sama yana da wani tsari kamar saƙar tabarma, wanda ke juyawa tare da rana. Idonmu ba ya ganinsa, na ƙwari yana gani. Von Frisch ya karɓi kyautar Nobel a 1973. Sunan Santschi kuwa ya kwanta, sai da Rüdiger Wehner na jami'ar Zurik, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tururuwar hamada a Mahres kusa da birnin Safakis na Tunisiya, ya tono aikinsa ya nuna wa duniya.

Abin da ke taɓa ni a labarin nan shi ne kayan aikin. Madubi da kwali. Shekara da shekaru ina kukan rashin ɗakin gwaji a makarantarmu, kuma kukan na gaskiya ne, ba zan janye shi ba. Amma filin ƙwallonmu cike yake da gidajen tururuwa, rana kuma ba ta taɓa yi mana rowa ba, ban taɓa fitar da ɗalibai na ce su durƙusa su duba ba. Wannan ya dame ni tun kafin in zo, ya ƙara damuna da na ga ƙasar da mutumin ya durƙusa a kai, ƙasa ce irin tamu.

Na tambayi mutum uku a kasuwa ko sun san inda gidan likitan tururuwa yake. Biyu suka girgiza kai, na ukun, wani saurayi mai sayar da darduma, ya yi murmushi ya maimaita laƙabin sau biyu don ya yi masa daɗi a baki. Ban ci gaba da nema ba. A shagon da ke kusa na sayi ƙaramin madubi, mai shagon ya ba ni kwalin sabulu kyauta.

Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, muka bi ta wajen manyan tafkunan da Aglabiyawa suka gina don tara ruwa a ƙarni na 9, muka wuce zuwa gefen wata gona da aka gama girbe. Ba mu sha wahalar nema ba. Ga ramin, kewaye da ƙaiƙayin da suka fitar, ga su baƙaƙe masu manyan kai suna jida. Baffa ya tsaya a kansu ya yi shiru, sannan ya ce a farin 1973 ya ga mata a ƙauyenmu suna tona gidan tururuwa da fartanya, suna sheƙe abin da suka samu su dafa wa yara. Ya ce, "Mun ci bashinta, ɗana. Allah bai saukar da sura da sunanta a banza ba." Ya karanto ayar da tururuwa ke ce wa 'yan'uwanta su shige gidajensu kada Annabi Sulaimanu da rundunarsa su tattake su ba su sani ba.

Na ba shi kwalin, na nuna masa inda zai tsaya inuwar ta faɗa. Na farko da na gwada suna kan babbar hanyarsu, ko kallon madubina ba su yi ba, ƙamshi ya ishe su. Muka matsa gefe, wajen taku goma, inda ɗaiɗaiku ke yawo. Ta biyu ta tsaya cak, ta kaɗa ƙahonninta, ta ci gaba abinta. Ta uku ma haka. Gwiwoyina suka fara zafi a kan busasshiyar ƙasa, hannun Baffa ya fara rawa da kwalin, amma da na ce mu haƙura sai ya ce, "Shi Baturen sau ɗaya ya gwada?"

Can sai ga wata ita kaɗai, riƙe da ƙwayar sha'ir da ta fi ta tsawo, ta miƙe sak zuwa rami. Rana na hagunta. Baffa ya sauke inuwa a kanta, ni kuma na karkata madubi daga dama har ɗigon haske ya sauka a jikinta. Ta tsaya. Ta ɗaga kai da kayanta. Sannan a hankali ta kewaya, ta ba wa gidanta baya, ta kama tafiya da irin saurin da ta zo da shi, zuwa cikin gonar da ta baro.

Baffa ya zare baƙin tabarau, abin da likita ya hana, ya sunkuya da sabon idonsa har gemunsa na kusa da ƙasa. Ya ce, "Subhanallahi." Muka bi ta da inuwa da madubi kamar tsawon kamu biyu, tana ta nisa da raminta ba ta sani ba. Sai ya miƙe ya janye kwalin.

"Mayar mata da ranarta, ɗana," in ji shi. "Ana jiran ta a gida."

Na kife madubin a ƙasa. Ta yi ɗan jim, ta juyo. Muka tsaya, shi da kwali a hannu, ni a durƙushe, har ta kai bakin rami ta ja ƙwayarta ciki, daidai lokacin da aka fara kiran magariba daga hasumiyar Uƙba.